Saka Esi a Tsohuwar Mota Mai Ƙarancin Wuri: Kwamfuresar Bel ko ta Lantarki?

Duk wanda yake riƙe da tsohuwar Fijo 504 ko 404, ko Volkswagen Beetle, ko ɗaya daga cikin ƙananan Datsun da Toyota na shekarun 1970, kuma yana zaune a Bauchi, ya san cewa daga watan Maris har zuwa saukar ruwan farko motar ba ta shiguwa da rana tsaka sai dole. Zafi yakan kai digiri 40, cikin motar da ta yini a rana kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba, kuma sauke gilashi ba ya kawo komai sai iska mai ƙuna da ƙura. Da yawa daga cikin motocin nan gado ne daga iyaye, masu su ba su da niyyar rabuwa da su, don haka abin da suke nema shi ne yadda za a saka musu esi ba tare da an yanka jikinsu ko an gajiyar da injinsu ba. Amsar ba ɗaya ba ce ga kowace mota, domin zaɓi uku ne a gaban mai ita, kuma kowanne yana taɓa ɗan'uwansa: irin kwamfuresar da za a ɗaura, inda za a kafa kwandensa, da inda akwatin sanyi zai zauna.

Mafi yawan kuɗin da ake asara a wannan aiki daga rashin fahimtar abu guda suke tafiya. Aikin esi shi ne kwashe zafi daga cikin mota ya zubar da shi a waje. Gas yana shan zafin a cikin akwatin sanyi, wato ibaforeta, kwamfuresa ta matsa shi ta tura shi kwandensa, a can iskar waje take ɗauke zafin har gas ɗin ya koma ruwa, sannan ya bi ta diraya, wadda ke tsotse masa danshi, da bawul ɗin da ke rage masa matsi ya sake shiga akwatin. Zafin da kwandensa za ta zubar ya fi wanda aka kwaso daga cikin mota yawa, domin wahalar da kwamfuresa ta yi wajen matsa gas ita ma zafi take zama. A garin da iskar waje kanta take digiri 40, kwandensa ƙarama, ko wadda iska ba ta ratsa ta sosai, ba za ta iya wannan aiki ba, komai ƙarfin kwamfuresa da kyan akwatin. Shi ya sa nake ganin ya kamata mai mota ya fara auna wurin kwandensa da ƙarfin da injinsa da wutarsa za su iya bayarwa, ya bar sayen akwatin sanyi zuwa ƙarshe, ko da yake shi ne abin da ido ke fara gani a shago.

Motocin kansu ba matsalarsu ɗaya ba. Fijo 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968 kuma kamfanin PAN da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya daɗe yana harhaɗawa, injinta a gaba yake, mai lita 1.8 ko 2.0, an kwantar da shi a karkace, karkacewar ta bar sarari a gefe ɗaya ta matse ɗayan. Akwai lagireto a gaba, saboda haka akwai inda kwandensa za ta jingina. Haka 404 take, sai dai injinta na lita 1.6 ya fi ƙanƙanta. Beetle kuwa wata duniya ce daban: injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto, babu ragar da iska ke shiga ta gaba, kuma ƙarfinta bai wuce doki 34 ba a samfurin 1200, ko doki 50 a samfurin 1600. Ita Marsandi W123 da aka fara fitarwa a 1976, da yawanta sun zo da esi tun daga kamfani, don haka aikinta sabuntawa ne, kuma abin da zan faɗa game da kwandensa da gas ya fi shafar ta.

A ɓangaren kwamfuresar da inji ke juyawa da bel, tsofaffin motoci sukan zo da samfurin York, wadda take tsaye, mai nauyi, mai fistin biyu, tana girgiza inji duk lokacin da ta kama. Wanda ya same ta a motarsa kuma wuri ya yi masa kaɗan, babu dalilin riƙe ta sai idan yana son motar ta zauna yadda ta fito daga kamfani. Abin da masu gyaran esi suka fi ɗaurawa yanzu shi ne irin ƙirar Sanden ta Japan, mai siffar gwangwani a kwance, wadda ta fi sauƙin nauyi da laushin juyawa. Girmanta hawa-hawa ne. Wadda aka fi sani da 508 tana tura santimita kubik 138 na gas a kowane zagaye, 507 tana tura 108, 505 kuma 87, sannan akwai gajeriyar SD7B10 mai fistin bakwai da ke tura kusan 100, wadda aka yi domin ƙananan motoci. A nan ne mutane suke ruɗuwa, suna ɗauka babba ita ce mai sanyi. Babbar kwamfuresa a kan ƙaramar kwandensa matsi kawai take tarawa, ta ja ƙarfin inji, ta zafafa lagireto, sanyin kuma bai ƙaru ba. Ga 504 mai lita 2.0 da ke da faɗin gaba, 508 ta dace, musamman idan doguwa ce mai jerin kujeru uku. Ga 404 da ƙananan Datsun, 507 ko SD7B10 sun wadatar, kuma santimita biyu ko uku da suka rage a tsawo sukan zama bambanci tsakanin shiga da rashin shiga. Ana kuma iya sauya murfin bayan kwamfuresar domin bakin tiyo ya fito ta sama ko ta baya, gwargwadon inda sarari yake, kuma ana iya karkata ta gefe, muddin kusar zuba mai ba ta gangara ƙasa da tsakiyar jikinta ba.

Amma ba a wajen sayen kwamfuresa gizo ke saƙar ba, a wajen mazauninta ne. Dole a ƙera mata biraket mai kauri wanda zai kama jikin inji a wurare uku aƙalla, kuma fulinta ya yi layi ɗaya da fulin kiranshaf ba tare da kauce wa ko kaɗan ba. Biraket ɗin da aka harhaɗa da guntayen ƙarfe a wajen mai walda cikin gaggawa yakan tsage, ko ya riƙa cin bel wata bayan wata. Idan fulin kiranshaf rami ɗaya gare shi, sai an je wajen mai tana, wato mai sassaƙa ƙarfe da inji, ya ƙara masa na biyu, domin raba bel guda tsakanin famfon ruwa da altaneta da kwamfuresa yana nufin ran da ya tsinke komai ya tsaya lokaci ɗaya. Sannan akwai batun silo, wato gudun inji idan mota tana tsaye ba a taka totur ba. Motocin zamani kwamfuta ce ke ƙara musu wuta idan esi ya kama, amma motar kafireto ba ta da wannan, don haka da kwamfuresa ta kama a tsaye sai inji ya yi ƙasa ya nemi mutuwa. Maganinsa ƙaramin solenoyid ne da ke ɗan tura maƙurar kafireto duk lokacin da esi ke aiki. Wasu kanikawa sukan ɗaga silo gaba ɗaya su bar shi haka, wanda ke nufin motar za ta riƙa shan mai a banza har cikin hunturu, lokacin da ba a kunna esi ko sau ɗaya.

Kwamfuresar lantarki mai bolt 12 ta zo ne da alkawarin kawar da duk waɗannan matsaloli, kuma a wani ɓangare ta cika alkawarin. Ba ta buƙatar bel, ko biraket a jikin inji, ko layin fuli, ana iya ajiye ta a but, ko bayan kujera, ko a wani lungu na ɗakin inji da babu abin da zai shiga cikinsa. Gudunta bai dogara da gudun inji ba, saboda haka a cunkoson kasuwar Wunti ta Bauchi sanyinta ɗaya ne da na kan babban titi, matuƙar wuta tana isa gare ta. Ga wanda ya ƙi jinin a huda ko a yi walda a jikin injin mahaifinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai lissafin wuta ne ke yanke hukunci, kuma yana da kyau mai mota ya yi shi da kansa kafin ya biya kuɗi. Irin waɗannan kwamfuresoci sukan ja amfiya 40 zuwa 80 gwargwadon girmansu da zafin gari. A ɗauki 60: idan aka ninka da bolt 14 da altaneta ke bayarwa, an sami wat 840, wanda a irin zafinmu zai kwashe zafin da bai wuce kilowat 1.5 zuwa 2 ba. Kwamfuresar bel irin 508 tana kwashe kilowat 4 zuwa 5 ko fiye idan mota tana tafiya. Wato ta lantarki kusan rabin aikin ta bel take yi, ko ma ƙasa da rabi. A kan amfiya 60 ɗin nan za a ɗora kimanin 10 na fankar akwatin sanyi, da 10 zuwa 15 na fankar kwandensa, sannan fitilu da kwayil da wayifa, jimilla ta haura 100, alhali altanetar motocin shekarun 1970 yawanci tsakanin amfiya 35 da 55 take. Dole ke nan a sauya altaneta da mai amfiya 120 ko fiye, a sauya wayoyin da ke tsakaninta da batir da masu kauri, a sa fis babba kusa da batir. Ko an yi haka, altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta a silo, takan tsaya wajen rabi ko ɗan fiye, sai batir ya riƙa cike giɓin, kuma batirin da ake zuƙewa haka kullum ba ya daɗewa. Akwai kuma wani zato da ya kamata a gyara, cewa kwamfuresar lantarki ba ta cin ƙarfin inji. Wutar daga altaneta take fitowa, altaneta kuma inji ne ke juya ta, kuma kusan rabin ƙarfin da ta karɓa a zafi yake salwanta. Amfiya 85 na kwamfuresa da fankoki a bolt 14 kusan wat 1,200 ne, inji zai ba da kusan ninkinsa, wato wajen doki 3, wanda bai yi nisa da abin da ƙaramar kwamfuresar bel za ta ci ba, ga shi sanyin bai kai nata ba.

Saboda haka ra'ayina a fili yake. Duk motar da ke da lagireto a gaba kuma akwai inda gwangwanin 507 ko SD7B10 zai shiga, kwamfuresar bel ta fi dacewa da Bauchi, domin ta fi sanyi, ta fi araha, kuma kowane mai gyaran esi daga nan har Gombe ya san ta, kayanta suna samuwa. Ta lantarki idan allon sarrafa ta ya ƙone, ba kowa ne zai buɗe shi ba, sau da yawa sai an jira wata daga nesa.

Beetle ce take sa in sassauta wannan hukunci, kuma ko ita da sharaɗi. Ɗakin injinta a cushe yake, kuma bel guda ne ke juya janareto ko altaneta tare da fankar da ke sanyaya injin, domin a kan sanda ɗaya suke. Ɗaura mata kwamfuresar bel yana yiwuwa, amma yana toshe hanyar gyara, wani lokaci har sai an taɓa murfin baya kafin ya rufu. Ta lantarki tana zama lafiya a ramin kaya da ke bayan kujerar baya, kusa da batir wanda ke ƙarƙashin kujerar, wayoyin su zama gajeru, kuma cikin Beetle ƙarami ne, kilowat 2 zai iya yi masa wani abu. Haɗarin shi ne nauyin wutar gaba ɗaya a kan bel ɗin nan guda zai sauka, idan ya fara zamewa fankar inji ma ta rage gudu, direba yana jin sanyi a ciki injin yana dahuwa a baya. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbata injinsa 1600 ne mai lafiya, farantan da ke jagorar iska a kewayen injin duk suna nan, robar da ke rufe gefen ɗakin injin ba ta yage ba, kuma ya sa agogon zafin mai a gabansa. Ga mai 1200 kuwa, shawarata ita ce ya haƙura da esi, domin doki 3 ko 4 daga cikin 34 kusan kashi ɗaya ne cikin goma na ƙarfin motar, a lokacin da injin ya fi bukatar hutu.

Kwandensa iri biyu za a tarar. Tsohuwar ƙira bututu ne zagayayye da ke kai da komo a cikin faranta, tana da kauri, tana jure duka, ana iya wanke cikinta. Sabuwar ƙira, wadda gas ke bi ta siraran hanyoyi masu yawa a jere lokaci ɗaya, ta alminiyam ce, kaurinta kimanin santimita 2, kuma a faɗi ɗaya ta fi tsohuwar zubar da zafi sosai. Inda wuri ya yi kaɗan babu gardama, sabuwar ce zaɓi, kuma a sayi mafi girman da za ta shiga gaban lagireto, ko da za a matsar da hon ko a sake wa makullin bonet ƙafa. Aibinta biyu ne. Hanyoyinta sirara ne ƙwarai, idan kwamfuresa ta lalace ta watsa garin ƙarfe a ciki ba ta wankuwa, sai dai a sauya ta. Sannan faranta a matse suke, ƙurar hunturu da ƙwari da ƙaiƙayin ciyawa suna toshe su da wuri, don haka a riƙa wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, ba da injin wankin mota mai feshi da ƙarfi ba, wanda ke lanƙwasa su.

Kafa kwandensa a gaban lagireto yana da farashi, domin iskar da za ta isa lagireto ta riga ta ɗauki zafi. Motar da allurar zafinta ke hawa tun ba a saka esi ba, ba ta shirya wa wannan aiki ba, sai an fara wanke lagireton ko an sauya masa ciki da mai layi uku, an duba famfon ruwa da murfi. A bar tazarar santimita 1 zuwa 2 tsakanin su biyun, a toshe gefunan da soso mai jure zafi domin iska ta ratsa su maimakon ta zagaye. Fankar asali ta 404 da 504 tana da maganaɗisun da ke kama ta idan ruwa ya yi zafi, a tabbata tana aiki, amma ita kaɗai ba ta isa a tsaye, domin gudunta na inji ne. Fankar lantarki mai jawo iska daga bayan lagireto ta fi inganci, sai dai a waɗannan motoci da wuya a samu wurinta ba tare da an cire ta asali ba, saboda haka yawanci siririya mai turo iska daga gaban kwandensa ake sawa, inci 10 ko 12, da rile da fis nata na kanta. A haɗa ta da makunnin matsi mai aiki uku, wanda ke kashe kwamfuresa idan gas ya ƙare ko matsi ya yi yawa, ya kuma kunna fanka idan matsi ya fara hawa. Kada a yarda a tsallake wannan makunni da waya, domin shi ne ke tsakanin kwamfuresa da lalacewa.

Idan gaba ba shi da wuri, kamar a Beetle, sai a kafa kwandensa ƙarƙashin mota ko cikin kumatun taya da fankarta. Yana aiki, amma ya dogara kacokan da fanka, kuma duwatsu da tabon damina da tudun rage gudu duk abokan gabansa ne. Wanda motarsa ba ta barin kwalta zai iya, da raga mai ƙarfi a ƙasanta. Wanda ke shiga ƙauye ko hanyar gona ya sake tunani.

Akwatin sanyi kuwa wurare uku ake sa shi. Na farko shi ne ratayawa a ƙarƙashin dashbod. Akwatunan da aka fi samu faɗinsu kimanin santimita 40 ne, zurfi ɗan fiye da 30, tsayi wajen 15, kuma komai a haɗe yake, da fanka da makunni da tagogin iska. Tiyo gajere ne, ramuka biyu kawai za a huda a bangon da ya raba ɗakin inji da mazaunin mutane, iska tana bugun mutum kai tsaye, kuma ran da aka so mayar da motar yadda take, kusoshi huɗu za a kwance. Ya kuma dace da zamanin motocin, domin haka ake saka musu esi tun a wancan lokaci. Abin da yake ci shi ne wurin gwiwar wanda ke zaune a gaba, kuma a motar da giyarta ke ƙasa sai an gwada kowace giya, har da ribas, a ga hannu bai bugi akwatin ba. Na biyu shi ne ɓoyewa a bayan dashbod, a wurin akwatin hita. A Bauchi hita ba ta da aiki sai 'yan safiyoyin Disamba da Janairu, kuma esi da kansa yana share raɓar gilashi da damina tunda yana busar da iska, don haka cire hita ba babbar asara ba ce. Wannan hanya ta fi kyan gani nesa ba kusa ba, amma ta fi tsada da cin lokaci, akwatin da zai shiga ramin yakan zama ƙarami, kuma kowace lanƙwasa a bututun iska tana rage ƙarfin busawa. A nan ne kuma ake yanka dashbod, abin da ba ya gyaruwa, kuma dashbod ɗin 404 mai lafiya ya fi kwamfuresa wuyar samu.

Na uku shi ne but, iska ta fito ta allon da ke bayan kujerar baya. Gaban motar yana zama kamar ba a taɓa shi ba, amma tiyo zai bi tsawon motar gaba ɗaya, gas da mai su ƙaru, mahaɗai su yi yawa, sanyin kuma ƙeyar na baya yake fara samu, direba da rana ke duka ta gilashin gaba shi ne na ƙarshe. Ya fi dacewa da motar da ake tuƙa mai ita yana zaune a baya, ko motar ɗaukar amarya. Ga wanda yake tuƙa kansa, na ƙarƙashin dashbod nake zaɓa. Ko wanne aka sa, a karkata shi kaɗan zuwa bakin zubar ruwa, a fitar da tiyon ruwan ƙarƙashin mota, domin ruwan da ke ɗiga a kan kafet shi ne ke cinye ƙasan tsohuwar mota da tsatsa.

Batun gas ba wurin gwaji ba ne. R12 da tsofaffin motoci suka zo da shi an daina shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, wa'adin ƙasashe masu tasowa irin Nijeriya ya cika a 2010, don haka R134a za a zuba. Man tsohon gas ba ya gauraya da sabon, saboda haka mai W123 da ke sabunta esinsa sai an wanke layukan, an sauya robobin mahaɗa da koraye, an zuba man PAG da kamfanin kwamfuresar ya ayyana, kuma nauyin R134a ya kasance kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na abin da aka rubuta domin R12. Kwamfuresar lantarki kuwa man da take sha daban ne, yawanci POE, domin wayoyin motarta a cikin man suke, man da bai dace ba zai iya jawo wuta ta zube a jikinta. Kada a bari a zuba R22 na esin ɗaki, matsinsa ya fi ƙarfin kayan mota, haka ma gas ɗin firji mai kama wuta, domin akwatin sanyi a cikin ɗakin mutane yake. Diraya sabuwa ake sawa koyaushe, a tsaye, nesa da salansa, kuma ita ce ta ƙarshe da za a buɗe wa murfi. Akwai siririn tiyo mai shamaki a ciki wanda ya fi tsohon samfuri lanƙwasuwa, ya fi tsada kaɗan, amma a matsattsen wuri ya cancanci kuɗinsa.

Tsakanin sabo da na Beljiyam, ba hukunci ɗaya ba ne ga kowane kaya. Fankar lantarki da altaneta na Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sau da yawa sun fi sababbi masu araha ƙarko. Kwamfuresar Beljiyam ta asali ma tana iya fin sabuwar jabu mai ɗauke da tambarin da ba nata ba, muddin an juya ta da hannu an ji tana matsawa, an zubo manta an ga ba baƙi ba ne kuma babu garin ƙarfe. Kwandensa da bawul da tiyo kuwa sababbi za a saya, domin ba a ganin abin da ke cikinsu.

Akwai aikin da ke ƙara sanyi ba tare da ya ci wuri ko ƙarfin inji ba, kuma shi ake yawan mantawa: shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin silin da kafet, musamman saman inda salansa ke bi, sauya robobin ƙofa da suka bushe, da toshe tsofaffin ramukan da iskar ɗakin inji ke shigowa ta cikinsu. A motar da ta dogara da kwamfuresar lantarki wannan ba zaɓi ba ne, wajibi ne. Su kuwa ƙananan na'urorin da ake zuba wa ruwa a jona a wurin kunna sigari, yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa haka suke aiki, suna ɗan taimakawa a busasshiyar iskar Maris, amma da damina ta kama sai su ƙara wa mota gumi.

Kafin a sayi komai, a yanka kwali daidai girman kowane kaya, har da bakunan tiyo da inda sifana za ta shiga, a gwada shi a motar, a rufe bonet, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, a tuna cewa inji yana motsi a kan mazauninsa idan an taka. Bayan an gama haɗawa, a gwada yoyo da naitirojin, a zuƙe iskar ciki da injin bakyum na aƙalla minti 30, a zuba gas da sikeli maimakon da ido. Gwaji na gaskiya biyu ne, kuma da rana tsaka ake yin su. Na farko a bar motar a tsaye esi yana aiki na minti 20, ana kallon agogon matsi da allurar zafi da ƙarfin batir. Na biyu a hau hanyar Jos da mutane a ciki, inda hawan ke tilasta wa inji aiki. Idan matsin ɓangaren sama, wato na wajen kwandensa, yana ta hawa a tsaye amma ya sauko da an watsa wa kwandensa ruwa, gas ba shi da laifi, iska ce ba ta isa ba, sai a koma kan fanka da soson gefe da girman kwandensa kafin a taɓa wani abu.